Ƙarfen da Ya Yi Kuka a Maƙerar Kawu

Ƙarfe goma da rabi na safe abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne domin barunjen unguwarmu, wato mahaucin da ya kafa tukubarsa a ƙofar maƙerar Kawu, yana da rediyo rataye a jikin rumfa, kuma a daidai lokacin mai shela ya faɗi agogo. Ina zaune a lunguna bayan zana, littafin kimiyya a cinyata. Kawu ya ɗauki wani guntun farin ƙarfe da awartaki ya tsoma a kaskon narki. Ban ko ɗaga kai ba, don abu ne da nake gani kullum.

A lokacin muna Jihar Sakkwato, ni kuma ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, na dawo hutun bazara. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, maƙerin fari a unguwar Jega Magaji. Ba ya ƙera garma ko lauje, shi zubi yake yi. Yakan sayi tsofaffin kayan alminiyam, fasassun sassan inji da lanƙwasassun kwanoni, ya narke su a wutar gawayi, ya kwarara a cikin ƙasar da ya daddale da siffar tukunya. Da ta huce sai ya fasa ƙasar ya ciro tukunya, ko ludayi, ko tandar masa. Gidanmu cike yake da surutu, ni kuwa ba na iya karatu cikin hayaniya, kuma ba na iya ce wa kowa ya yi shiru. Tun ina firamare Kawu ya lura da haka, ya kafa mini zana a kusurwar maƙera ya kifa mini tsohon turmi. In na kawo masa fura sai in zauna har azahar. Bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Nan ne kaɗai wurin da ba a taɓa ce mini "ke, yi magana mana" ba.

Haske ne ya sa na ɗaga kai. Ba ja ba ne irin na gawayi, fari ne fat, ya ratso ƙofofin zana ya zane shafin littafina da layuka. Na leƙa. Guntun nan ya kama da wuta a saman narki, yana ci da wani haske da ido ba ya iya tsayawa a kansa, farin hayaƙi na murɗawa zuwa rufi. Kawu ya saki keken zuga ya ja da baya, hannu a fuska.

"Wuta! Maƙeri, gobara ta!" in ji barunje. Ya shigo a guje da bokitin da yake wanke nama.

"Kak ka zuba!" Kawu ya daka masa tsawa, domin duk mai zubi ya san ruwa da narki ba sa haɗuwa.

Barunje ya riga ya watsa. Maimakon ta mutu, sai wutar ta yi gurnani ta fesa tartsatsi ko'ina. Zanata ta kama. Narki ya fallatso wa Kawu a damtse. Sai da barunje da maƙwabta suka yi ta kwaso busasshen yashin gini daga ƙofar wani gida suna tulawa a kan kaskon, sannan hasken ya binne.

Ina tsaye a waje rungume da littafina. Na san wannan hasken. A zangon da ya wuce malamarmu ta kimiyya ta kunna wani siririn zaren ƙarfe a ɗakin gwaji, ta ce kada mu kalle shi kai tsaye, muka kalla. Sunansa magnesiyam. Abin da na gani tsawon ɗan yatsa a makaranta, ga shi ya kusa cinye maƙerar Kawu. Bakina cike da sunan, mutane sun cika ƙofa kowa na faɗin nasa, ni kuwa na kasa fitar da ko harafi.

Sai da la'asar, an shafa wa Kawu magani a damtse yana zaune shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Kawu, ba alminiyam ba ne."

"Na gani, ɗiyata. Mi na?"

Na gaya masa. Na ce littafi ya ce in an ɗiga masa abu mai tsami zai yi kumfa, alminiyam kuwa ba ya yi. Washegari na zo da lemun tsami cikin gefen zane. Muka zauna gaban tulin ƙarafan da ya sayo, shi yana kankarewa da magagari da hannunsa mai lafiya, ni ina matsa lemo. Wasu su yi shiru. Wasu kuwa, da ɗigon ya sauka, sai ka ga ƙananan kumfa suna tsiro suna shuuu. Duk sanda ɗaya ya yi kumfa sai na ji kamar in yi tsalle. Muka ware su gefe guda. Sun fi sauran rashin nauyi, launinsu ya ɗan fi duhu, kuma da alama duk daga jikin inji ɗaya aka faso su.

"To, wanga na gane," in ji Kawu. "Hetur ma ruwa na, shina ci da wuta. Allah ya yi ƙarhen da ka ci da wuta. Mun ware shi, jibi mu hura."

Da abin ya tsaya nan, da jibin ya hura.

Ni ce ban iya barin abu rabi ba. Cikin tulin da muka ware akwai sirara, masu kaurin bakin faranti. Na ɗauki ɗaya na matse a awartaki, ina so in ga ko zai lanƙwasu kamar alminiyam. Rana ta take, unguwa ta yi tsit, barunje ya kashe rediyo ya tafi salla. Na danna a hankali, fuskata kusa da shi don in ga inda zai fara karkata. Sai na ji ƙas, ƙas-ƙas, can ƙasa-ƙasa, kamar ana taka busasshiyar ciyawa a nesa. Na tsaya, ya tsaya. Na danna, ya ci gaba. Na ɗauka awartakin ne, sai na canza wani. Na ɗauka haƙorana ne, sai na buɗe baki. Na gwada guntun alminiyam mai kauri ɗaya, ya lanƙwashe lumus ba ko motsin sauti. Na koma kan na farko na mayar da shi baya, ya sake yin ƙas-ƙas ɗin. Bai yi nisa ba ya tsage, bakin tsagin yana walƙiya kamar an fasa dunƙulen gishiri.

Na kwana ina juyi don murna. Da safe na ƙara wani gwaji. Na sa guntu ɗaya kan uwar maƙera na buga da guduma, gefensa ya yayyage. Na ɗauki wani na binne a tokar murhun gida mai ɗumi, nesa da harshen wuta, har ya yi zafin da ba a iya riƙe shi da hannu. Na buga, ya baje kamar ƙullun alkaki, bai tsage ba. Na lanƙwasa shi yana da ɗumin, ban ji komai ba.

Na kai wa Kawu da rawar jiki. Na kara masa guntun a kunne na danna. Na zaci zai yi dariya. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ya karɓa ya yi da kansa, ya sake yi, sannan ya ajiye shi a ƙasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Mi kuka saurare haka kamar masu jiran sakamakon ƙuri'a?" Barunje ne ya leƙo. Kafin a hana shi ya kara a nasa kunnen. Ya yi wurgi da shi. "La'ilaha! Maƙeri, ƙarhenka kuka shikai! Jiya wuta, yau kuka, gobe sai shi yi sallama!"

"Kai da ko akuya ta yi kuka ba ka jin tausai, yau ƙarhe ya ba ka tsoro?"

"Akuya na san ubanta. Wanga wa as sanai?"

Barunje mutumin kirki ne, amma duk wanda ya sayi tsire a wurinsa da labari yake tafiya. Ranar kasuwar Jega Kawu ya baje tukwanen da ya zuba tun kafin gobara, waɗanda ba abin da ya haɗa su da wancan ƙarfen. Na tsaya daga nesa ina kallo. Mata su zo, su tsaya, su yi ƙus-ƙus, su wuce. Wata tsohuwa ta ɗauki tukunya ta kara a kunne ta girgiza, ta ajiye. Wata ta ce ita ba za ta ɗora abin da zai tashi da farar wuta ana tsakar tuwo ba. Haka ya kwaso su ya dawo.

Amma ba kasuwar ce ta rufe maƙerar ba, Kawu ne. Ya ja ƙyauren ya ɗaure da waya. Ya ce mahaifinsa, kakana, da ya koya masa sana'a, abu ɗaya ya yi ta nanata masa, kada ya kai wuta kusa da ƙarfen da bai san halinsa ba. Shi kuwa ga shi ya shekara da shekaru yana ɗaukan kowane farin ƙarfe alminiyam ne.

"Wutar na gane," ya ce mini. "Kukan na ban gane ba. In wanga na kuka ban sani ba, mi sauran ka yi wanda ban ji ba? Ba ni ƙara hura wuta sai an hwaɗa man abin da ka kuka ciki nai. In ba a samu ba, surukina na da gonar albasa Aliero, ya daɗe shina kirana."

Na duba littafina daga bango zuwa bango. Akwai hasken, akwai kumfar, akwai nauyinsa da lambarsa. Babu kuka. Na koma gida cikin surutu, na zauna bayan ɗaki ina toshe kunne, ina tunanin turmina a kulle.

Malamin makarantar allon unguwarmu ne ya buɗe hanya. Kawu ya kai masa guntun bayan sallar asuba. Malam ya saurara, ya ce shi bai ga aikin aljani a nan ba, halitta ce da halinta, kuma ba fanninsa ba ne. Ya ce a koma inda aka samo shi a tambaya. Wurin wani makanike a Aliero Kawu ya saye shi.

"Ke kij ji shi, ke za ki bayani," in ji Kawu. Mahaifiyata ta yarda. Na ƙulle guntayen a tsumma, na haɗa da lemo biyu.

A bayan akori-kura muka tafi, kan buhunan da ba kowa a ciki. Tun kafin a shiga Aliero warin albasa ya tare mu. Lokacin cirarta ne, ko'ina tuli-tuli, ja da fari, ana ɗurawa a buhu ana ɗinkewa, manyan motoci sun yi layi. Surukin Kawu ya tarbe mu a tasha da murna, ya ja shi yana nuna masa rumfunan ajiya, yana cewa gonarsa ta wajen Jiga Birni ta fi ƙarfinsa shi kaɗai. Na ga Kawu yana ɗaga albasa yana juyawa a hannu kamar yadda yake juya sabuwar tukunya.

Makaniken yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Hito, ɓarawon zaune," in ji Kawu. "Ka saida man wuta kac ce alminiyam."

Ya turo kansa waje, baƙin mai har goshi. "Ni? Ni hwari nic ce. Kai kac ce alminiyam, kad ɗauka kana murna ba shi da nauyi. Yaya hannu?"

"Ga shi kana gani. Injin mi na?"

Ya nuna wani kwarangwal a gindin bishiyar bedi, irin ƙaramar motar nan mai doro kamar kunkuru, wadda injinta yake a baya. Ya ce kaskon injinta ne da na giyarta. Ya ce masu walda ma ba sa son taɓa shi, ya manta ne bai faɗa ba. Da Kawu ya ce ƙarfen yana kuka, sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga ƙasa.

"Maƙeri, tsuhwa ta kama ka. Yunwa ta ka kuka cikinka."

Kawu ya dube ni. Na kwance tsumma, na ari filayarsa, na kara masa a kunne na danna. Dariyar ta tsaya a rabi. Ya karɓa ya yi da kansa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara nawa ina hwasa shi da guduma ban taɓa saurare ba." Ya sosa ƙeya. "Ni dai ban sani ba. Amma akwai wani ɗan bautar ƙasa da ka koyarwa Maiyama. Babur nai ya mace nan kwanaki, yag ga kaskon ga, yar roƙe ni guntu. Yac ce karatun ƙarhe yay yi jami'a. Nic ce yaro, ƙarhe ma sai an kai shi jami'a? Ku tai ku ishe shi."

Muka yi shirin komawa. Surukin Kawu ya cika mana buhu da albasa, ya ce yana jiran amsa kafin damina.

Ranar Asabar muka hau motar Maiyama. Ban iya cin komai ba. Duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa, ina jera shi ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron da na buɗe baki zai watse. Muka tarar da ɗan bautar ƙasar a harabar makarantar, zaune kan tabarma a gindin mangwaro, da wandon kaki da silifa, yana duba littattafan ɗalibai. Saurayi ne siriri, mutumin Jos, Hausarsa mai sauri. Ya miƙe ya gaida Kawu da "Baba", ya ba shi tabarmar, shi ya zauna a saiwa.

"Malam, ƙarhe muka kawo ƙara," in ji Kawu. "Ɗiyar ga taj ji shi. Hwaɗa mai."

Na kafa ido a kan saƙar tabarma na fara. Muryata ta fito kamar ta sauro. Na faɗi hasken, na faɗi lemo. Na ce in an danna a hankali yana ƙas-ƙas, in an tsaya ya tsaya, in an mayar da shi baya ya sake. Na ce alminiyam ba ya yi. Na ce ba ya nisa yake tsagewa, amma in ya ji ɗumi yana bajewa kuma ba ya kukan. Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban baƙo ba.

Malamin ya zuba mini ido, sai ya tafa hannu ya miƙe zumbur. "Har mayar da shi baya kika yi? Baba, ku jira ni, kar ku tafi ko'ina!" Ya ruga ɗakinsa, silifa ɗaya ta cire bai tsaya ba. Ya dawo da wata farar sanda mai kaurin yatsa da kwalin ashana.

"Baba, kun san wannan?"

Kawu ya auna a hannu, ya karce da farce. "Kuza ta."

"Ita ce. Babana a wurin narkar da ita ya yi aiki har ya tsufa, shi ya ba ni. Ita ake shafa wa gwangwanin madarar da kowa ke sha. Ku lanƙwasa ta."

Kawu ya kama da hannu biyu ya lanƙwasa. Wannan ba sai an kara a kunne ba. Ƙararas-ƙas-ƙas, kamar ana tauna ƙashin kaza. Kawu ya zabura har hularsa ta karkace. Ni kuwa dariya ta kuɓuce mini, na rufe baki da mayafi.

"A garinmu yara wasa suke da shi," in ji malamin. "Ba wanda ya taɓa mutuwa. Abin da ke faruwa a cikin kuza shi ke faruwa a naku, nata ne kawai ya fi ƙara."

Ya ce mu dubi bakin tsagin guntunmu, inda yake walƙiya kamar gishiri. Ya ce kowane ƙarfe tarin ƙwayoyi ne manne da juna, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya gani, jere sahu-sahu. In ƙarfe ya lanƙwasu, sahun ne ke zamewa a kan sahu. Ya ɗauki tarin littattafan ɗalibansa ya tura daga gefe, suka zame suka karkata gaba ɗaya.

"Alminiyam ta kowane ɓangare kuka tura shi yana da hanyar zamewa, shi ya sa yake bin hannunku shiru. Wannan kuwa jerinsa kamar littattafan nan ne. Ta kwance kawai yake zamewa da sauƙi." Ya tayar da tarin a tsaye ya danna daga sama. "To in matsin ya zo ta nan fa? Ba hanya."

"Sai shi karye," in ji Kawu.

"Kafin ya karye yana da dabara ɗaya."

Ya zazzage ashana a ƙasa ya jera su layi-layi, duk sun jingina dama. Ya sa yatsa a tsakiya ya juyar da layuka biyu suka jingina hagu. Sai ga siffar ƙashin bayan kifi, irin wadda ke jikin saƙar tabarmar da muke zaune a kai.

"Wani yanki na ƙwayar sai ya juya gaba ɗaya, farat ɗaya, ya zama kamar hoton ɗan'uwansa a madubi. Ba abin da ya ɓalle, kowa na riƙe da maƙwabcinsa, jinginar ce ta sauya. Da wannan juyin ƙarfen ke samun ɗan wurin sakin jiki. Mu a makaranta tagwaye muke ce musu. Kuma da yake juyin ba a hankali yake zuwa ba, kowane ɗaya sai ya yi ƙas. Dubbai ne ke juyawa, shi ne kuka ji kamar kuka. Da kika mayar da shi baya, waɗanda suka juya ne suka koma, wasu sababbi kuma suka juya a ɗaya gefen."

Na kalli guntun da ke hannuna, abin da aka faso daga tsohuwar mota, na ga kamar ina hango sahun nan a cikinsa suna jiran a danna.

Kawu ya daɗe yana kallon ashanar. Ya sa yatsa ya juyar da layi ɗaya da kansa, ya mayar.

"To mi as sa shika tsagewa da wuri?"

"Juyin ɗan kaɗan yake bayarwa, Baba. In waɗanda za su iya juyawa sun gama, matsin sai ya taru a kan iyakarsu, nan tsagin ke farawa. Daga ƙarshe-ƙarshe ma wani ƙas ɗin da kuke ji na ƙananan tsagi ne."

"Ba rai garai ba ke nan."

"Ko kaɗan. Hali ne."

"Tukwanena hwa?"

"Alminiyam ne, ba sa juyi, ba sa kuka, ba sa kamawa da wuta a murhu. Ku dai riƙa gwadawa da lemon nan kafin ku narka, ku ajiye busasshen yashi kusa, ruwa kuma a yi nesa da shi."

"Wanga ka hwaɗa ma barunje," in ji Kawu. Ya sake lanƙwasa kuzar, ta yi ƙara, wannan karon ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. "Malam, ara man sandar ga zuwa ranar kasuwa. In tara matan Jega in lanƙwasa ta gabansu, in ce ga uwar kukan, gwangwanin madararku na. Barunje shi za ni ba ta hwarko, shi kai labari."

"Ku riƙe ta har na zo Jega cin tsire."

Kawu ya soke ta a aljihu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya tambaya ko masu gawayin Kuberi suna kawowa tasha ranar Asabar, don gawayinsu ya fi na wajenmu riƙe wuta, kuma yana so ya yi zubi da sassafe. Ya ce in tuna masa ya sayi sabuwar zana. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina ya ƙi rufuwa.

Har mun yi sallama. Amma abu ɗaya ya rage a jerin da na yi ta maimaitawa a mota, kuma na san in na tafi da shi ba zan yi barci ba. Ba wanda ya ce in yi magana. Na juyo da kaina.

"Malam, to me ya sa in ya ji ɗumi ba ya kukan, kuma ba ya tsagewa?"

Yana tattara ashanarsa, ya ɗago yana murmushi.

"Saboda ɗumi yana buɗe masa sauran hanyoyin zamewa, waɗanda suke a toshe in yana da sanyi. Da sun buɗe, ta duk inda kika danna yana da wurin bi, ba sai ya yi ta juyi ba. Shi ya sa masu aikinsa ba sa bugunsa da sanyi. Abin da kika gano a tokar murhu, shi suke yi a masana'anta."